Warin Sabon Katako a Ɗakin Amarya da Ajin Ɗalibai

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a makon farko, ko ofishin da aka sake wa kayan aiki, ko ajin da aka zuba wa sababbin tebura, ya san wani wari mai yaji da ke sa ido ƙwalla, ya kuma shaƙe maƙogwaro. Jama'a sun ɗauke shi shaidar cewa kaya sabo ne. Sau da yawa warin nan na iskar fomaldihaid ne, sinadarin da ake kira fomalin idan an narka shi cikin ruwa, wanda asibitoci ke adana gawa da shi. Abin da ya kai wannan ƙarfi bai kamata a bar shi yana yawo a inda yara ke kwana ko karatu ba tare da awo ba.

Tushen matsalar shi ne katakon zamani, irin su MDF da filawud. Ana yin su ne da burbushin itace ko siraran yankansa, a manne da gam, a danne. Gam mafi arha na yuriya da fomaldihaid ne, kuma yakan yi ta sakin iskar watanni, har ma shekaru. Zafi da laima suna ƙara yawan abin da yake saki. A Turai ana gwada katako ne a ɗakin awo mai zafin digiri 23, alhali a Maraɗi da Damagaram da Garwa zafin bazara yakan haura digiri 40. Ke nan katakon da ya ci gwaji a can ma zai fi fitar da iskar a nan, balle wanda ba a taɓa gwada shi ba.

A 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya fomaldihaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara, musamman ta bayan hanci. A 2010 hukumar ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar cikin ɗaki. Kafin a kai ga sankara kuwa, akwai tari da ƙaiƙayin ido da ciwon kai da tashin asma. Yaro ya fi babba shaƙar iska idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, don haka aji ya fi ofis bukatar kulawa.

Wasu ƙasashe sun ga abin da idonsu. Bayan guguwar Katrina ta 2005, gwamnatin Amurka ta tsugunar da dubban iyalai a gidajen tirela. Mazauna suka yi ta kukan ciwon kai da wahalar numfashi, aka gwada tirela 519, aka tarar iskar ta ninka ta gidajen yau da kullum sau da dama. A 2010 ƙasar ta yi dokar ƙayyade fomaldihaid a katakon gam. Japan kuwa tun 2003 ta gyara dokar gini, ta raba katako aji-aji da alamar taurari, ta kuma wajabta na'urar sauya iska a sababbin gidaje.

Za a iya cewa katakon gaske ya yi tsada, daji kuma ya ƙare, talaka ba shi da zaɓi. Gaskiya ne, kuma kafinta ba shi da laifi, abin da ya samu a kasuwa shi yake yankawa. Nauyin yana wuyan hukumomin kula da ingancin kaya da na kwastan, su tabbatar kowane falankin da ya shigo yana ɗauke da alamar ajinsa, kamar E1 ta Turai. Yana kuma wuyan duk hukumar da ke ba da kwangilar tebura da benci, ta rubuta wannan sharaɗi cikin takardar kwangila.

Kafin doka ta zo, akwai abin da magidanci da shugaban makaranta za su iya yi. A sayi kayan ɗaki da wuri, a bar su su sha iska a rumfa na wasu makonni kafin a jera. A shigar da sababbin tebura a farkon dogon hutu, a bar tagogi a buɗe. A sa kafinta ya rufe bakin katakon da ya yanka. Turare da igiyar leko ba sa kawar da iskar, hayaƙinsu ma yana ɗauke da ita. A lokacin hunturu, da ƙura ke sa a rufe ko'ina, da kuma ofishin da ke dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, a ware lokaci kullum a buɗe taga biyu masu fuskantar juna har iska ta ratsa.