Kifin Ado Ba Furen Roba Ba Ne

'Yan'uwana mata, a wannan mako ina so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin kifin ado da ake kira Betta, wanda tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai fari, jelarsa kuwa tana bazuwa cikin ruwa kamar mayafin amarya. Masu sayar da shi sukan jera shi cikin ƙananan kofuna, kowane kifi shi kaɗai, su ce wa mai saye ai wannan kifi ba ya buƙatar komai, ko a kwalbar zuma aka sa shi zai rayu. To wannan magana ce ba na yarda da ita, domin ita ce take kashe shi.

Asalin kifin nan daga ƙasar Tailan yake, wadda ake kira Siyam kafin shekarar 1939, da maƙwabtanta irin su Kambodiya. Can yana zaune ne a gonakin shinkafa da fadamu da ƙananan magudanan ruwa. Mutanen ƙasar suna kiransa kifi mai cizo, don kuwa idan aka haɗa maza biyu wuri ɗaya sai faɗa, kuma tun da daɗewa ake haɗa su ana caca a kansu. A shekarar 2019 gwamnatin Tailan ta ɗauke shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Na daji ba shi da wannan doguwar jela, launinsa ma dishi-dishi ne. Kyan da muke gani aikin masu kiwo ne na shekaru aru-aru.

To daga ina maganar kofi ta samo asali? Kifin yana da wata gaɓa a cikin kansa wadda take ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska. Saboda haka ruwan da zai kashe wani kifi cikin kwana ɗaya, shi sai ya daure ya yi makonni a ciki. Watau juriyarsa ce ta zame masa jarraba. Gaskiya ne ruwan gonar shinkafa ba shi da zurfi, amma fa yana da faɗi, ga ciyayi, ga ƙwari, kuma ruwan sama yana sabunta shi. A cikin kofi kuwa kashinsa da ragowar abinci suna nan tare da shi, su ne ke zama guba, jelar ta soma zaizayewa, launin ya koɗe. Kifin da ya kamata ya yi shekara uku ko fiye sai ya mutu cikin wata biyu, uwargida ta ce ai dama kifin ado ba ya ƙarko.

Idan har kina so ki ajiye shi, ki samo akwatin gilashi mai cin kamar lita ashirin, mai murfi, domin yana tsalle. Kada ki zuba masa ruwan famfo kai tsaye, akwai maganin kulorin a ciki; ki sa maganin da ake sayarwa don kashe shi. Kowane mako ki kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki zuba sabo. Abincinsa nama ne, ba ɓarɓashin burodi ko tuwo ba: akwai nasa na gwangwani, kuma yana son tsutsar sauro ƙwarai. Kaɗan-kaɗan za a ba shi, a kuma ja wa yara kunne, don yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe shi.

Sai maganar sanyi. Kifin ƙasar zafi ne, yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Wadda ke zaune a wuri irin Jos, ko ma Kano da Zariya cikin dararen hunturu, ta san yadda ruwan randa yake da asuba. Ruwa kaɗan ya fi saurin yin sanyi, wannan ma wani dalili ne na guje wa kofi. In babu tabbacin wutar lantarki da za ta riƙe hita, gara a yi tunani tun kafin a saya.

Yanzu ga wadda ke sha'awar ta sa su hayayyafa. Abin yana da ban sha'awa, ba na musu. Namijin ne yake yin sheƙa da kumfar bakinsa a saman ruwa. Idan macen ta shirya sai ya naɗe ta da jikinsa, ƙwai su zubo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsince da baki ya kai cikin kumfa. Daga nan aikin mace ya ƙare, tilas a cire ta nan da nan, in ba haka ba zai far mata, har ya iya kashe ta. Shi zai zauna gadi, ƙwan da ya faɗo ya mayar da shi, har su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Reno dai a gidan nan na maigida ne, sai a gaya wa namu mazan. Bayan kamar kwana uku, da 'ya'yan sun soma iyo da kansu, shi ma sai a cire shi don kada ya cinye su.

Abin da masu zuga mutum ba sa faɗi shi ne abin da ke biyo baya. Haihuwa ɗaya tana iya ba da 'ya'ya fiye da ɗari, ƙanana kamar ƙwayar gero, masu buƙatar abinci mai rai wanda ido da ƙyar yake gani, da canjin ruwa kusan kullum. Da sun kai wata biyu zuwa uku mazan za su fara cizon juna, kowanne sai an ware masa mazauninsa. Ki ƙiyasta maza hamsin, mazubi hamsin, wanki hamsin, ga girki ga yara ga sana'a. Nan ne mai niyyar kirki take komawa ga kofunan nan da muka soma magana a kansu, ko kuma ta juye su a kwata.

Shawarata ita ce, wadda ba ta riƙe kifi ɗaya lafiya lau har shekara guda ba, kada ta haɗa mace da namiji. Wadda ta riƙe kuma, ta fara sanin waɗanda za su karɓi 'ya'yan, da irin mazubin da za su sa su, tun kafin namijin ya soma tara kumfa.