Lafiya Uwar Jiki: "Anti, Yayata Za Ta Sauka Lafiya?"

Wasiƙar wannan mako daga Dutsi ta fito, a masarautar Katsina. Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ce yayarta ta shekara uku da aure kafin ta samu ciki, har dangin miji sun fara kiranta juya. Tun tana budurwa al'adarta kan yi wata uku ba ta zo ba, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa. Yanzu cikin ya kai wata biyu, likita kuma ya ce tana da ciwon da ake kira PCOS. Tambayar ƙanwar ita ce: "Anti, za ta sauka lafiya?"

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iska ba. Likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, sun bayyana ciwon tun 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, sinadaran jiki na rikicewa, ƙwai ba ya nuna ya fito kowane wata, shi ya sa ciki kan yi jinkiri. Sau da yawa jiki kuma ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Idan ciki ya shiga, wannan ne ke sa mai ciwon ta fi sauran mata haɗarin ciwon suga na masu ciki. Haɗarin hawan jini, wanda kan kai ga jijjiga, da na ɓari da haihuwar bakwaini shi ma yana ƙaruwa. Duk da haka, mata da yawa masu ciwon suna haihuwa lafiya idan an kula da su.

Saboda haka ki ce wa yaya ta fara awo yanzu, kada ta jira ciki ya fito. A riƙa auna jininta duk zuwa, a gwada suga da wuri, a maimaita tsakanin mako 24 zuwa 28. Ta rage lemon kwalba da zuba suga a fura, ta yawaita wake da zogale, ta riƙa ɗan tattaki. Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin ido ko kumburin fuska, a garzaya Babban Asibitin Daura ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko da tsakar dare ne.

Ke ma ki lura, domin ciwon kan bi dangi. Rikicewar al'ada a shekarun farko ba abin tsoro ba ne, amma in ta wuce kwana 90 ba ta zo ba, faɗa wa Mama ku je asibiti. Ki riƙa rubuta ranakun a bayan littafinki.

Allah Ya sauki yaya lafiya. Sai mako mai zuwa.