Ra'ayinmu: Haɗa kiɗa ma sana'a ce, a yi mata lissafi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mallawa ranar da take ci, ba sai an gaya masa abin da samari ke saurare ba. Daga rumfar mai cajin salula har wurin ƴan kabu-kabu, waƙar rap ce ke tashi. Wasu samarin ba su tsaya ga saurare ba. Sukan zo wa iyaye mata da roƙon kuɗin mota zuwa Damagaram, wai za su shiga situdiyo. Uwa kuwa da gumin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tara ɗan abin hannunta. Ta bayar ko ta hana?

Kafin a amsa, ya kamata a san yadda sana'ar take. Bayan kowane mawaƙi akwai mai haɗa kiɗa. Shi ke zama gaban kwamfuta ya ɗora ganga a kan ganga, ya ɗauki murya, ya tace ta, ya daidaita har ta yi daɗin ji. Mai saye ya san yarinyar da ke talla, amma ba lalle ya san mai suya ba. To, mai haɗa kiɗa shi ne mai suyar.

Mu ɗauki misalin Haruna Abdullahi, ɗan Kaduna, wanda aka fi sani da DJ AB, mai waƙoƙin da ke cike da saluloli a wannan yanki namu na bakin iyaka. Mawaƙi ne, kuma mai haɗa kiɗa. Bai tashi shi kaɗai ba. Cikin ƙungiyar YNS ya yi suna, tare da irin su Feezy da Zayn Africa da Geeboy, wannan ya kawo baiti, wancan ya kawo amshi, wani ya riƙe aikin bidiyo. A 2021 ya fitar da faifan "Supa" ta hannun emPawa Africa, kamfanin mawaƙi Mr Eazi, har suka yi waƙa tare. Da harshen Hausa ya kai nan, da shekaru na aiki, da kuma haɗin gwiwa.

Mu ma a Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage. Ƙungiyar Lakal Kaney ta fitar da faifanta tun 2000, kuma Kaidan Gaskiya ta shahara da waƙoƙin faɗakarwa. Ke nan ba a yau aka fara ba, kuma ba duka ne shiririta ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: masu asara a wannan harka sun fi masu riba yawa. Waƙa na fita yau, gobe tana cikin memori a kowace rumfa. Mai turawa ya karɓi nasa, wanda ya kwana yana haɗa kiɗan bai ga ko dala ba. Sau da yawa abokai kan yi aiki da baka kawai, ranar da kuɗi suka shigo sai zumunci ya watse.

Don haka shawararmu ga ƴan kasuwa, maza da mata, ita ce ku ɗauki maganar kamar yadda kuke ɗaukar sarin kaya. Ba mai zuba jari a buhun riɗi bai soka hannu ya ga ƙwaya ba. Hajiya, in ɗanki ya zo, ki tambaye shi: wa zai haɗa kiɗan, nawa ne kuɗinsa? Su wa da wa ke cikin waƙar, yaya za a raba abin da aka samu? An rubuta a takarda gaban shaidu? Kuma ki ce ya rera miki baitocin. Waƙar da yaro ba zai iya rerawa gaban mahaifiyarsa ba, ba ta cancanci ko dala daga adashenta ba.

Ku kuma samari, ku yi rajistar aikinku a BNDA, hukumar da ke kare haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan. Ku biya mai haɗa kiɗa haƙƙinsa, ku ambaci sunansa. Kada ku saki karatu ko gona ko rumfar uba tun waƙa ba ta fara ciyar da ku ba, domin ba a sakin reshe a kama ganye. Mai son sana'ar da gaske ya zauna gefen gwani ya koyi aikin na'ura, don ranar da murya ta daina kasuwa, mai haɗa kiɗa yana nan da aikinsa, na tallar rediyo da na biki.

Hana yaro ƙememe ba ya kashe sha'awa, ɓoye ta kawai yake sa shi yi. Ba shi kuɗi ido rufe kuma zubar da jari ne. Tsakanin biyun akwai lissafi, kuma ba wanda ya fi ɗan kasuwa sanin lissafi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nema.