A Bar Jaki A Daki Taiki: Masu Yasar Masai da Masu Wayar Musu da Kai a Akra

Duk lokacin da kwalara ta ɓarke a wani birni na Afirka ta Yamma, ko ambaliya ta cinye unguwa, akan kira taro a otal, a rataya ƙyalle mai ɗauke da sunayen hukumomi, a ce za a wayar da kan ma'aikatan ruwan ƙazanta game da muhalli. Akan tara direbobin tankokin zuƙe masai da masu yasar kwata da leburorin matatu, a raba musu takardar tambayoyi domin a auna saninsu, sa'an nan a fito a ce sanin nasu bai kai ba. Wannan hukunci zalunci ne, kuma tarihin birni ɗaya ya isa ya rushe shi.

Birnin shi ne Akra ta ƙasar Gana, wadda tsofaffin Zango suke kira Ankara. A bakin teku, daura da inda tafkin Korle yake malalawa, akwai wani wuri da ake kira Lavender Hill, wato Tudun Lafinta. Sunan gatse ne, domin ba ƙamshi ke tashi a wurin ba. Shekaru aru-aru nan ne ake juye bayan gidan birnin, ɗanyensa, kai tsaye cikin tekun da masunta ke jefa koma. Tankoki su yi layi, kowace ta juya baya, a buɗe mesa. Ba a sace ake yi ba, ba kuma da tsakar dare ba: wurin da hukumar birni ta sani ne, ta kuma bari. Sai a ƙarshen 2016 aka buɗe matatar da za ta riƙa karɓar wannan kaya tana tacewa.

To, a cikin waɗannan shekaru, kan wa ke buƙatar wayarwa? Direban tanka bai zana taswirar birni ba, bai tsara kasafin kuɗi ba, bai zaɓi bakin teku ba. An nuna masa wuri, ya je. Waɗanda suka nuna masa wurin kuwa sun yi karatu, sun san abin da najasa ke yi wa ruwa, wasunsu ma da takardun digiri a kan haka. Ilimi bai hana su ba. Ashe matsalar ba ta rashin sani ba ce, ta rashin damuwa ce da abin da ba ya taɓa mutum a jikinsa.

Mai yasar masai kuwa abin yana taɓa shi. Ya san cewa rami idan ya daɗe a rufe yana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a ƙasan rami. Ya san mugun halinta: idan ta yi yawa sai hanci ya daina jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali a lokacin ne take kisa. Shi ya sa yake buɗe murfi ya jira, shi ya sa ba ya sauka sai da igiya a ƙugu da abokin aiki a sama. Ya san gidan da masansa ya yi kusa da rijiya, ya san layin da ake fasa bututu a saki ƙazanta cikin kwata da zarar hadari ya haɗu, ya san ledoji da tsummoki da ke toshe mesa. Ba zai iya faɗin sunan iskar da Turanci ba, sai takardar tambayoyi ta rubuta shi a jahili. A 2019 Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da WaterAid sun fitar da rahoto a kan lafiya da mutuncin irin waɗannan ma'aikata, kuma abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne rashin kayan kariya, rashin tsayayyen albashi, rashin dokar da ke kare su, da ƙyamar jama'a.

Ƙyamar nan ta kai a tsaya a kanta, domin a nan ne laifi ya shigo gida. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, babu wanda bai san cewa tsafta cikon addini ce ba. Amma gidajen haya nawa ne mai gida ya mayar da wurin masai ɗaki, domin ɗaki yana kawo kuɗin wata, masai kuwa yana ci? 'Yan haya su riƙa bin layi a bayan gidan kuɗi, yara da tsofaffi da dare su yi a leda, leda ta faɗa babbar kwata, kwata ta kai Odaw, Odaw ta kai Korle. Mai gidan nan shi ne a sahun gaba ranar Juma'a. Mutumin da ya zo ya kwashe masa abin da ya tara kuwa ba a ba shi ruwa a kofin gida, ba a kiran sunansa sai sunan aikinsa, ba a maganar ba shi aure. Har sai da Kotun Ƙoli ta Gana ta sa baki a 2008, ta umarci hukumar birnin Akra ta kawar da masan bokiti, wanda ɗan Adam ke ɗauka a ka ya fita da shi. Abin da ya kamata kunya ta hana, sai da alƙali ya hana.

Hukuma ma halinta ɗaya ne da na mai gida, sai dai nata ya fi girma. Yankin Akra da kewaye ya haura mutum miliyan 5 a ƙidayar 2021, amma ƙaramin sashe ne kawai ke haɗe da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Saura duk rami ne da tanka. Matatar Mudor da aka gina wajen 2000 ba ta yi shekaru da yawa ba ta tsaya, ta daɗe a tsaye kafin a farfaɗo da ita. Yanke ƙyallen buɗe gini yana da daɗi, akwai hoto a jarida. Sayen mai da kayan gyara da biyan ma'aikaci ba shi da hoto.

Sakamakon ya zo a jere. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, ta kashe sama da 200, kuma Akra ce ta fi jin jiki. A ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya cika magudanan da shara ta toshe, man fetur ya bi ruwa daga wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta tashi, mutum kusan 150 suka halaka. Bayan kwalarar an ware Asabar ta farkon kowane wata ta zama ranar tsafta. Jama'a su fito, su yashe kwata, su tara laka a gefen hanya. Idan motar kwashewa ba ta zo ba, ruwan sama na gaba ya mayar da ita inda ta fito. A 2017 an kafa ma'aikata ta musamman domin tsafta da ruwa, Shugaba Akufo-Addo ya kuma yi alkawarin mayar da Akra birni mafi tsafta a Afirka. Mazauna bakin Odaw su ne za su faɗi inda alkawarin ya kwana.

Mai musu zai ce ai akwai direbobin da ke juye tanka a daji ko a kwata da dare, akwai leburorin da ake ba safar hannu su sayar. Gaskiya ne, kuma wanda aka kama a hukunta shi. Sai dai a yi lissafin da direban ke yi. Matata tana can bakin teku, unguwa tana ƙarshen gari, tsakaninsu cunkoson da ke cin rabin yini. Ga kuɗin mai, ga kuɗin juyewa a ƙofar matata, ga mai mota yana jiran kason yau, ga mai gida ya taya aikin kamar yana tayin tumatir. Wanda ya rage wa aiki kuɗi ya san sarai cewa ragin daga wani wuri zai fito, bai dai tambaya ba. Safar hannun kuwa sau ɗaya ake rabawa, ranar taro. Idan ta yage babu ta biyu. Haka manoman latas da kabeji da ke ban ruwa da ruwan kwata a cikin birnin: sun fi kowa sanin launinsa da warinsa, wani ruwan ne ba su da shi.

Idan har takardar tambayoyi na da amfani, a sauya waɗanda ake miƙa wa. A kai wa mai gidan haya, a tambaye shi mutum nawa ke kwana a gidansa, masai nawa ya gina, ina tankar da ya kira bara ta kai kayanta. A kai wa jami'in da ya sa hannu a takardar izinin ginin. A kai wa limamin unguwa, a tambaye shi yaushe rabon da ya ambaci haƙƙin mai yasar masai a huɗuba. A kai wa mai tsara kasafi, a tambaye shi nawa aka ware wa gyaran matata bana, nawa aka saki, kuma ma'aikata nawa ne aka yi wa allurar rigakafi kafin a tura su cikin rami.