Wayar Lasifika: A Duba Ƙarfen, A Bar Kwalin

Masana tarihi sun ce tun kafin zuwan Bagauda, maƙeran Gaya ne suka bi sawun tama har suka sauka a gindin Dutsen Dala, su ne ake kira Abagayawa. To, mutanen da kakanninsu suka san ƙarfe haka, ai bai kamata a ce yau ana sayar musu da farin ƙarfe da sunan ja ba. Amma kuwa ana yi, a kan wani ɗan abu da kowa ya raina, watau wayar da ke kai murya daga amfilifaya zuwa lasifika.

Dattawa sun tuna lokacin da jin lasifika a ƙauye sai ran da motar majigi ta zo. Yau kuwa ba masallacin Juma'a, ba makaranta, ba gidan kallon ƙwallo a ƙasar Gaya da Ajingi da ba ya bukatarta. Masu hali ma sun fara sa irin ta gidan silima a falo, wadda ake ce wa 5.1: lasifika uku a gaba, biyu a baya, ga wata babba ta shida mai gurnani a ƙasa. In an tashi saye kuwa, wa ake aika Kano? Akawu ne ko malamin makaranta, don shi ya iya karanta rubutun jikin kwali. Saboda haka da ku muke.

Mun ga masu saye sun rabu biyu. Attajiri ya shiga kanti, a nuna masa waya mai kan zinariya cikin kwali mai ƙyalli, a ce in ba da ita ba kayansa ba za su yi murya ba, ya biya bai ko taya ba. Kwamitin masallaci kuwa, bayan sun ƙarar da kuɗin jama'a kan amfilifaya, sai su sayi waya siririya kamar zaren ɗinki da canjin da ya rage. Duka biyu sun yi hasara, amma hasarar kwamiti ta fi ba mu tausayi, don kuɗin karo-karo ne.

Aikin wayar nan guda ɗaya ne tak: ta kai lantarki inda aka aike ta ba tare da ta ci da yawa a hanya ba. Kowace waya tana tauye lantarki kaɗan, tsawo yana ƙara tauyewar, kauri yana rage ta. Ma'aunin abin shi ake kira om. Yawancin lasifikun gida om 8 ne ko 4, kuma ƙa'idar da masu aikin suka daɗe suna bi ita ce kada tauyewar waya ta wuce kashi 1 cikin 20 na ta lasifikar. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. A jikin robar ana buga lambar kauri, irin wadda masu haɗa wutar gida suka sani. Ga lasifika mai om 8, wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 ta isa har mita 15, mai 2.5 ta isa har mita 25. In mai om 4 ce, a raba tsawon biyu. Amma in aka ja siririya mai 0.5 har mita 20, wajen kashi 1 cikin 7 na ƙarfin da ya fito daga amfilifaya a hanya zai ƙare, ya zama ɗumi. Sai ladan ya yi ta ɗaga murya, a yi ta murɗa na'ura har ƙarshe, sa'an nan a ce kayan ne ba su da kyau.

Cinikin waya mai tsada daga Amurka ya bunƙasa. A 1979 wani mutum, Noel Lee, ya kafa kamfanin Monster Cable a San Francisco, yana sayar da waya mai kauri a lokacin da mutane suka saba da siririya. Nan kam yana da gaskiya. Amma da 'yan kasuwa suka ga akwai riba, sai abin ya wuce gona da iri, har aka kai ga wayar dala 7,250. A 2007 James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai bambance muryar wayar nan da ta wata mai sauƙin kuɗi da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka haɗa ba. Aka yi ta cacar baki, ba a yi gwajin ba, ba wanda ya karɓi kuɗin. Zinariyar da ake shafawa a kan filogi tana da amfani ɗaya, ba ta dusashewa da raɓa. Ba ta ƙara wa mawaƙi zaƙin murya. Haka wayar HDMI ta talabijin: lambobi take ɗauka, in sun isa hoto da murya sun fito daidai, in ba su isa ba za a ga yankewa ƙuru-ƙuru. Wadda ta cika ƙa'ida ta wadatar.

Araha kuwa ba ta ado. Akwai wayar da cikinta sanholo ne, watau alminiyom, aka yi masa shafen jan ƙarfe a waje. Sanholo kamar kashi 6 cikin 10 na aikin jan ƙarfe yake yi, ga shi da saurin karyewa a inda aka ɗaure da noti. Gane ta ba wuya. A fere robar, a kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki an kama ta. A ɗaga ƙunshin a hannu, na jan ƙarfe ya fi nauyi nesa. Mai kantin da ya hana a kankare ɗan guntu, to, ya riga ya ba da amsa.

Masallaci da filin makaranta sha'aninsu dabam ne da falo. In lasifikun suna nesa, a kan hasumiya ko katanga, sai a nemi amfilifaya mai mafitar bolt 100 da lasifiku masu 'yar taransifoma, kamar yadda TOA da Ahuja suke yi, don ta haka murya takan yi tafiya mai nisa ba ta rame ba. Wayar makirfo kuma lalle ta zama mai saƙar kariya a ciki da filogi mai ƙafa uku, kada kuma a shimfiɗa ta kafaɗa da kafaɗa da wayar janareta, daga nan ne gunjin da ke dame huɗuba yakan shigo. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, in aka juya ɗaya sai lasifiku biyu su riƙa kashe wa juna kaurin murya. Mahaɗa a like ta da dalma, ban da murɗawa a naɗe da leda. Wayar waje a sa ta cikin bututu, saboda rana da ɓera.

Shi kuwa mai falo, in kuɗin na damunsa, ya sayi darduma da labule masu kauri. Ɗakin siminti da tayil amsa kuwwa yake yi, kuma wannan ya fi kowace waya ɓata murya.

Abin da muke roƙon akawuna da malamai shi ne, in an ba ku rubuta kiyasin kuɗi, kada ku rubuta "waya" kurum. Ku auna nisan da igiya tun a gida, ku ƙara mita biyu ko uku, ku rubuta tsawo da lambar kauri, ku rubuta "jan ƙarfe zalla", ku sa mai kanti ya maimaita haka a rasit. Ran da za ku bi ta Wudil zuwa kasuwar Sabon Gari, ku sa 'yar wuƙa a aljihu tare da takardar.