Kewar Gida Ba Butulci Ba Ce

Yau ban zo muku da labarin soyayya ba, magana ce da ta daɗe tana cina na zo in amayar, kuma na san akwai waɗanda za ta yi wa zafi, musamman mazajenmu da wasu daga cikin surukai. To sai a yi haƙuri, ita gaskiya ɗaci gare ta. Maganar ita ce, yarinyar da aka ɗauko daga garinsu aka kai ta wani gari saboda aure, in ta yi kewar gida ba ta yi laifin komai ba. Ba ta raina arzikin mijinta ba, kuma aljanu ba su shafe ta ba. Kewa ce, tana da magani, rabin maganin kuwa yana hannun wanda ya ɗauko ta.

Duk wanda ke zaune a nan cikin Katsina ya san abin da nake faɗa. Kusan kowane ƙarshen mako sai ka ga jerin motocin kai amarya sun shigo, wasu daga Kano, wasu daga Zariya ko Gusau ko Sakkwato, wasu ma daga Maraɗi. A kai ta sabon gida can wajen Barhim ko Goruba ko Dutsin Safe, gida mai katanga da get, dangi su kwana biyu su juya. Maigida ya fita tun safe, in ya tashi daga ofis ko kasuwa ya zarce majalisa, ba za a gan shi ba sai goman dare. Ita kuwa tana ciki daga ita sai talabijin da waya. Kafin wata biyu ta fara rama, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, abu kaɗan sai kuka.

Daga nan sai a fara yanke mata hukunci. Miji ya ce, "Me na rage ki da shi? Ci ko sha?" Uwar miji ta ce shagwaɓa ce irin ta 'yan zamani. In ta kira mahaifiyarta, ita ma ta ce, "Ki yi haƙuri, aure ibada ne, kar ki ja mana abin kunya." In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ce shafar aljanu ce, a kira mai ruƙiyya, a turare ta da hayaƙi. Haba jama'a! Yarinya ta bar uwa da uba da ƙanne da ƙawaye da duk wata hanya da ƙafarta ta sani, a rana ɗaya, sannan a ce sai da aljani za ta yi kuka?

Masu cewa kewa rashin tawakkali ce, ina so su koma tarihin hijira. Lokacin da Musulmi suka koma Madina a shekara ta 622, Sayyidina Abubakar da Bilal sun kwanta da zazzaɓi, kuma ya inganta cewa Bilal yana kwance yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. Da Nana A'isha ta kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, bai ce imaninsu ya yi rauni ba, sai ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. To in manyan sahabbai sun yi kewar garinsu, wace ce 'yar shekara sha tara da za a ce ita dutse ce?

Ku Katsinawa ma ai ba sai an kai ku nesa ba. Bayan jihadi, sarautar Haɓe ta bar birnin nan ta je ta kafu a Maraɗi, yau shekara ɗari biyu da ɗoriya, amma har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Maza sun riƙe sunan garinsu tsawon wannan zamani, kowa na yaba musu da kishin asali. Mace kuwa ta yi wata uku tana ambaton garinsu, sai a ce ba ta son zaman aure. Wannan wane irin ma'auni ne?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kakanninmu da muke ce wa mutanen da sun fi mu sanin wannan ciwo, kuma sun tanadar masa magani tun kafin ya zo. Me ya sa ake ba amarya 'yar zaman ɗaki? Don kar ta wayi gari babu fuskar gidansu ko ɗaya a kusa da ita. Me ya sa aka ajiye al'adar ganin gida? Me ya sa ake mayar da mace gaban uwarta goyon ciki, ta yi wankan jego har ta yi arba'in? Duk wanda ya karanta labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda rayuwar matan aure ke cike da zuwa biki da suna da ƙulla ƙawance, har da su yaya da ƙanwar rana. Sannan gidan da ake kai amarya a da babban gida ne, ga faccaloli, ga tsofaffi, ga yara na shige da fice. Mu muka zo muka rushe wannan duka. Mun ce 'yar zaman ɗaki takura ce, goyon ciki ƙauyanci ne, maƙwabta munafukai ne, muka sa get muka kulle. Mun zubar da maganin, muna kuma zagin mara lafiya.

Na san abin da wasu maza za su ce: ai ga waya nan. Gaskiya ne tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 an samu sauƙi, yanzu har fuskar juna ake gani. Amma Bahaushe cewa ya yi zumunta a ƙafa take. Waya ba ta shafa kan 'ya, ba ta zama kusa da uwa a kan tabarma. Ita kanta wayar ba kullum take amana ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, matan da iyayensu ke Jibiya da Batsari da Safana da Faskari suka yi makonni ba su ji muryar kowa nasu ba. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka rufe kan iyaka, 'yan Maraɗi da ke aure a nan suka ga gida ga shi kusa amma ya yi nisa. A shekarar ce kuma aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya haura. Na yarda waɗannan uzurori ne na gaske. Sai dai uzurin da ya hana kai mace gida shekara biyu, bai hana maigida zuwa ɗaurin auren abokinsa a Kaduna ba. Masu fakewa da addini kuma su tambayi malamansu abin da Muhtasar na Shaihu Halil ya ce: in miji ya rantse matarsa ba za ta ziyarci iyayenta ba, alhali amintacciya ce, rantsuwar ake sa shi ya karya.

Ni kaina Bakanuwa ce, aure ya kawo ni garin nan shekara ashirin da wani abu. Tsakanin Kano da Katsina bai kai kilomita 200 ba, amma a watannin farko ji nake kamar bangon duniya aka kai ni. In aka ce mini "zamna" ko "ɗiyar wa ce?" sai na tsaya na yi tunani, in na buɗe baki kuma yara su yi ta dariyar Kanancina. Har gurasa na yi mafarki. Abu biyu suka cece ni. Na farko, maigidana ya yanka mini lokaci, duk wata uku zan je gida in kwana biyar, bai taɓa sa na roƙa ba. Wallahi sanin ranar tafiya kaɗai yana rage rabin ciwon. Na biyu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta. Ita ta shigar da ni gidajen unguwa, ta kai ni barka da ta'aziyya, ta sa ni a adashi, ta nuna mini Ƙofar Soro da hasumiyar Gobarau. Daga ranar da aka fara aiko yaro a ce "ana kiranki gidan suna", daga ranar na zama 'yar gari.

Don haka ke amarya, ga naki. Kar ki ji kunyar kewarki, ki faɗa wa mijinki da bakinki, cikin ladabi, ki nemi a sa miki rana. Amma kar ki kwana ki wuni kina kan waya da 'yan gidanku, jikinki na Katsina ranki na wani gari, haka ba ya barin sabo ya kama. Ki nemi izini ki shiga Islamiyya, ki gai da maƙwabta, ki koyi harshen garin, ki kama wata sana'a ko ta cikin gida ce. In kuwa abin ya wuce kewa, kin daina ci da barci makonni, kina jin rayuwar ta fita ranki, to a yi addu'a a kuma je asibiti, don ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, likitoci suna da maganinsa.

Kai kuma maigida, ka sani ranar da ka ɗauko 'yar mutane daga garinsu ka ci bashi. Shinkafa da atamfa ba za su biya shi ba. Ka sa kuɗin ganin gida cikin lissafinka kamar yadda kake sa kuɗin haya. Ka rage majalisa, ko wata shidan farko ne. Ka haɗa ta da matan 'yan uwanka da na abokanka na kirki. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kai ne ɗan jagoranta.

Saura mu marubuta. Iyayenmu a wannan sana'a sun yi yaƙinsu. Balaraba Ramat Yakubu da Wa Zai Auri Jahila? da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna sun sa an yi ta muhawara kan auren dole da 'yancin zaɓi, kuma an ga amfanin abin. To yanzu an bar yarinya ta zaɓa, sai me? Littattafai da yawa da ke yawo a yau, da an kai amarya Abuja ko Dubai, an zayyana kujeru da labule, sai a rubuta tammat. Yarinya ta karanta ta ɗauka nisa da gida shi ne daɗin aure, in ta je ta tarar da kaɗaici sai ta zaci ita kaɗai ce mara godiya a duniya. Labarin gaskiya daga inda motocin 'yan kai amarya suka juya yake farawa, kuma shi ya kamata mu rubuta.

Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, garin da tun zamanin Wangarawa yake karɓar baƙi har su zama 'yan gida. To a fara yin karar nan ga baƙuwar da ke bayan katangarku. Ku matan unguwa, in kun ga an kawo amarya daga wani gari, kar ku jira ta fito, ku ƙwanƙwasa mata get.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya sa wa kowace baƙuwa son garin da aure ya kai ta. Wassalam.