Lafiya Uwar Jiki: Me Ya Sa Ake Amai Bayan Tiyata?

Da yawanku kun taɓa zaman jinya, ko a Babban Asibitin Gaya, ko an wuce da ku Wudil zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wataƙila kun ga an fito da ɗan uwa daga ɗakin tiyata, aiki ya yi kyau, amma yana farfaɗowa sai tashin zuciya da amai, hankalin kowa ya tashi.

Wannan ba alama ba ce cewa likita ya yi kuskure. Kusan mutum 1 cikin 3 da aka yi wa tiyata yakan gamu da shi. Maganin sa barci da magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su morphine ne ke taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin yin amai. Sai dai ba abin rainawa ba ne. Yunƙurin amai yana takura wa ɗinki, yana ƙarar da ruwan jiki, kuma idan mutum bai gama farkawa ba, aman na iya gangarawa cikin huhu.

A 1999 wani likita Bajamushe, Christian Apfel, da abokan aikinsa suka fitar da abubuwa 4 da ke nuna wanda ya fi shiga haɗari: mace, wanda ba ya shan taba, wanda ya saba amai a mota ko ya taɓa yi bayan wata tiyata, da wanda za a ba magani irin su morphine. Mai guda 4 ɗin nan haɗarinsa ya kusa kashi 80 cikin 100. Kar wani ya ce to bari ya fara shan taba! Ita ce ke lalata huhu, ta kuma hana ciwo warkewa da wuri.

Rigakafi ya fi magani, shi ya sa ba a jira sai aman ya fara. Akan yi allurar dexamethasone a farkon aiki, a yi ondansetron dab da gamawa. Mai haɗari sosai akan haɗa masa biyu ko fiye.

To ina naku aikin? Na farko, faɗin gaskiya. In Inna ba ta iya shiga mota daga Ajingi zuwa Gaya sai ta riƙe leda, ku gaya wa likitan da zai sa ta barci. Ku ne kuka yi boko, ku ne bakinta.

Na biyu, in an ce kar a ci komai, to kar a ci. Yawanci akan daina cin abinci awa 6 kafin tiyata. Koko da kunu da fura duk abinci ne. Kar tausayi ya sa ku miƙa mata kofi a ɓoye. In kuwa an riga an sha, ku faɗa, gara a ɗaga aikin.

Na uku, kar ku je kyamis ku sayo maganin amai da kanku. In ya fara, ku juya mata kai gefe, ku kira nas.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.